Wace fitilar haska fili zan saya mai sauƙin kuɗi wadda ba za ta mutu cikin wata uku ba?

Kafinta_Dorayi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar wuta a taimaka min da shawara, don wallahi abin ya fara isata.

Ni kafinta ne, shagona yana manne da gidana a Dorayi, rumfar kwano ce tsawonta mita 8 faɗinta mita 6. A ciki akwai injin yanka katako da na fulenin, daga gefe kuma inda yara suke shafa banish da fesa fenti. Gaban shagon akwai ɗan fili da muke jingine katako da gadaje da kujerun da aka gama kafin masu su su zo ɗauka, sai kuma tsakar gida ta baya inda iyali suke. In sallah ta matso ko lokacin bukukuwa, kun san yadda iyayen amare suke tsayawa a kan mutum, mukan kai sha biyun dare muna aiki.

Da can halojin nake amfani da ita, irin mai dogon ƙwai ɗin nan ta wat 500, guda biyu. Haske kam ba a magana, amma tun da aka sa mana mita mai kati na gane cewa ashe kura nake kiwo a gida, katin sati biyu sai ya ƙare a kwana huɗu, ga zafi kamar kana gaban gasa burodi. To sai na koma LED. Na shiga kasuwa na sayo guda uku, kowacce an rubuta mata wat 200 ɓaro-ɓaro a kwali, kuɗinsu kuma ba yawa, har ina murna na yi dace. Ta farko wata uku ta yi ta mutu. Ta biyu tana nan amma ƙifta ido take kamar fitilar gidan biki, haskenta ma ya koma wani shuɗi-shuɗi. Ta ukun da na sa a waje, ruwan watan Agusta ya shiga cikin gilashinta, sai da na ga ruwa kwance a ciki kamar kwalba. A daren da ta mutu kuwa aka ɗauke min falanki shida a ƙofar shago, Allah ya isa dai.

Yanzu abin da zan iya warewa bai wuce dubu tamanin ba. Babba ɗaya zan saya mai tsada ko ƙanana da yawa? Ta sola ko ta wuta? Kuma ta yaya mutum zai gane mai kyau tun a shago, tunda duk kwalinsu iri ɗaya ne, kowa ka tambaya ya ce maka orijina ce? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai_Wayarin_Kurna ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Oga kafinta sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Wayarin ne sana'ata, kuma irin wannan kukan ba ranar da ba na jin sa, don haka bari in zauna in yi maka dalla-dalla, ka yi haƙuri da tsawon rubutun.

Abu na farko, ka cire idonka daga wannan wat ɗin da ake rubutawa a kwali. Wallahi yawancin masu arahar nan lambar ado ce kawai. In kana so gani ya kori ji, ka nemi mai gyaran wuta da yake da mita irin mai baki kamar filaya wadda ake maƙalawa a waya ɗaya, ya auna maka wadda ta rage tana ƙifta idon. Wutarmu bolt 230 ce, fitilar da take wat 200 ta gaskiya ya kamata ta ja kusan am 0.87, am shi ne ma'aunin wutar da take ja wanda mitar take nunawa. Na sha auna irin waɗannan in ga 0.2, ka buga lissafi, ko wat 50 ba ta kai ba. To ka ga ba araha ka samu ba, ƙaramar fitila aka sayar maka a cikin babbar riga.

Kuma wat ma ba shi ne haske ba, wat abin da fitila take ci ne. Hasken da take bayarwa ana auna shi da lumen. Halojin ɗinka ta wat 500 tana ba da lumen wajen 8,000 zuwa 10,000, sauran wutar duk a zafi take tafiya, shi ya sa kake jin kamar gidan burodi. LED ta ƙwarai tana ba da lumen 100 ko sama da haka a kowane wat ɗaya, wato wat 50 ta gaskiya lumen 5,000 kenan, guda biyu sun maye maka halojin ɗaya. In ka ɗauki kwali ka juya shi ko'ina ba ka ga an rubuta lumen ba, ajiye musu kayansu.

Yanzu shagonka. 8 sau 6, murabba'in mita 48. Wajen aikin hannu irin naku ana son aƙalla lumen 300 ya sauka a kowane murabba'in mita, ya kama 14,400, amma kwano da katako da bango mara fenti suna shanye haske, ga ƙurar katako da za ta lulluɓe gilashin, don haka ka nufi 20,000. Wato wat 50 guda huɗu, ɗaya a kowane ɓangare, kada ka sayi babba ɗaya ka rataya a tsakiya. Babba ɗaya inuwa take yi, ka juya mata baya kana awo inuwar kanka ta rufe maka layin fensir, ka fuskance ta kuma ta kashe maka ido. Sannan ranar da ta mutu aiki ya tsaya gaba ɗaya, amma in huɗu ne ɗaya ta mutu ukun za su kai ka safiya. In ma za ka ji tawa, a saman bencin aiki doguwar LED irin ta tub ta fi fitilar haska fili daɗin aiki, ita ta haska fili an yi ta ne don ta jefa haske nesa.

Maganar mutuwa da wuri kuma, abu biyu ne ke kashe su a garin nan, zafi da wasan da wuta take yi. LED ba ta son zafi ko kaɗan, duk wannan tsage-tsagen da kake gani a bayanta ba kwalliya ba ce, ta nan take fitar da zafi. A shago ka ɗauke ta a hannu ka ji nauyinta, ka ƙwanƙwasa bayan. In alminiyon ne mai kauri mai zurfin tsage to da dama-dama, in ka ji ta sakayau kamar faifai, ko roba ce aka fesa mata baƙin fenti, ba za ta ga bazara biyu ba. Ka tuna a watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa ma, balle a ƙarƙashin kwano. Kada ka manna ta da jikin kwanon, ka sauke ta kamar taƙi biyu iska ta riƙa ratsa bayanta. Shuɗin da ka ce taka ta koma ma aikin zafi ne: asalin ƙwayar LED shuɗiya ce, wancan ruwan ƙwai da kake gani an shafa a kanta shi yake mayar da hasken fari, in zafi ya dafa shi ya lalace sai shuɗin ya fito fili.

Sai direba, wato ɗan akwatin da yake daidaita wutar kafin ta shiga ƙwayoyin. Masu arahar nan ba su da shi a ware, an manna 'yan kayan ne a kan farantin ƙwayoyin, duk abin da layi ya kawo haka za su sha. Ka duba jikin fitilar, in an rubuta 85-265V ita ce tamu, ko wuta ta zo ba ƙarfi za ta kama ta ba da haskenta cikakke. In 220V kawai aka rubuta, da wuta ta yi ƙasa za ta dushe ko ta fara rawa, da ta dawo da ƙarfi kuma ta tafi.

Na waje kuma ka nemi IP65 ko IP66. Lambar farko 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun 5 tana nufin tana jure feshin ruwa, 6 kuma feshi mai ƙarfi. Mu nan da hunturu da ƙurar katako, lambar farkon ma ta fi damunmu. Amma shi ma rubutu ne, kowa zai iya bugawa, don haka ka duba da idonka: akwai roba a zagaye tsakanin gilashi da jiki? Inda waya ta shiga akwai notin roba da yake matse ta, ko rami ne kawai aka ɗiga masa gam? Kuma in za a ɗaura, a bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau ta shiga fitilar, don ruwan da ya biyo waya ya ɗige ƙasa. Rabin waɗanda nake cirewa da ruwa a ciki ta waya ya shiga, saboda an ɗaura su baki sama.

Baba_Mai_Walda ya rubuta:

Salamu alaikum. Yaron nan na Kurna ya yi bayani, Allah ya yi albarka. Ni ba boko na yi ba, shekara talatin da wani abu ina walda a wajen Ƙofar Ruwa, abu ɗaya zan ƙara wanda ya shafi lafiyar hannunka ba aljihunka ba.

Waɗannan fitilu marasa direba suna ƙiftawa ko da idonka bai gani ba. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, su kuma suna haske suna dushewa sau 100 a daƙiƙar, ido ba ya kamawa amma abin da yake juyawa da gudu yana tona musu asiri. Ni da idona na ga farantin giranda yana gudu amma a ƙarƙashin irin wannan fitila sai ka rantse a hankali yake tafiya, wani lokaci kamar baya ma yake yi. Wani yarona ya kashe giranda, faranti bai gama tsayawa ba, ga ƙarar janareton maƙwabta ba ya jin kukan injin, ya kai hannu zai ajiye, Allah ne ya taƙaita yatsa ɗaya ya tsage aka yi masa ɗinki. To kai da kake da zarton inji, haƙoransa ba sa tambayar sunan mutum. Kada ka sa fitila mai ƙiftawa a kan wannan injin ko kyauta aka ba ka.

Yadda jikana ya koya min gwadawa, ka sa a kunna ta a shagon, ka buɗe kyamarar wayarka ka nuna ta, in akwai wajen ɗaukar bidiyo mai tafiya a hankali ma ya fi. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar ko hasken yana bugawa, bar ta. Ko ka kaɗa biro da sauri a gabanta, in ka ga biron ya rarrabu kamar guda goma a jere to ita ce.

Sannan kada a haɗa fitilu layi ɗaya da manyan injina. Ni da na raba, fitilu da birekarsu daban, injin walda da tasa daban, na huta da sayen fitila duk wata. Duk sanda injin fulenin ɗinka ya tashi yana fizgar wuta, fitilar da ke layinsa ita take shan dukan. Kuma a sa wayar at, wadda take kai wuta ƙasa don kada ta ja mutum, a jikin fitilar tunda ƙarfe ce, musamman ta waje da yara suke taɓa fol ɗin da damina. Masu wayarin da yawa sai su naɗe wayar nan mai kore da ruwan ɗorawa su cusa ta ciki, wai ba ta da amfani, ban da kai ɗan Kurna.

Maman_'Yan_Biyu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malam kafinta ni ba masaniya ba ce amma ta tsakar gida da ƙofar gida kam ina ba ka shawarar sola, saboda ɓarawo ba ya duba ko akwai wuta kafin ya zo, hasali ma daren da aka ɗauke ya fi so. Ta wuta komai kyanta in an ɗauke ta zama hoto, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wa zai kwana da janareto a kunne don fitilar waje?

Mu a Hotoro muke, sau biyu muna saye. Ta farko maigidan ya sayo wadda fanel ɗin yake manne a bayanta, an rubuta mata wat 300, ranar farko har maƙwabta suna leƙowa, amma ƙarfe ɗayan dare take mutuwa, daidai lokacin da ake buƙatarta, da hazo ya sauka kuwa ko sha ɗaya ba ta kaiwa. Ta biyun mai fanel daban ce da doguwar waya da rimot, ita ce har yanzu muke mora. Amfanin fanel daban shi ne za ka ɗora shi can sama inda rana take duka tun safe, fitilar kuma ka sa ta inda kake so ko da ƙarƙashin inuwa ne. Wanda ya ɗaura mana ya fuskantar da fanel ɗin kudu ya ɗan kishingiɗar da shi kaɗan, ya ce haka ya dace da Kano.

Abin da mutane ba sa yi shi ne gogewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan rufe fanel ɗin ruf, sai ka ji ana cewa batir ya mutu alhali yunwa yake ji. Ni duk Juma'a nake sa yaro ya hau tsani da jiƙaƙƙen tsumma. Kuma da rimot ɗin nake rage hasken zuwa rabi bayan isha'i, a haka take kai mu asuba, har in fito alwala tana nan.

Sai abu biyu da maza ba sa lura da su sai mu da muke zaman tsakar gidan. Na ɗaya farar fitilar nan tas mai kama da ta asibiti, wadda ake rubuta wa 6500K, da damina duk ƙwarin unguwa a gidanka za su kwana, ranar da shinge suka fito kuwa ko tuwo ba za a ci a waje ba. Mai ɗan ja-ja ɗin, 3000K, ba ta tara su sosai haka. In ma fara ce ka riga ka saya, to kada a sa ta a saman ƙofar ɗaki ko kusa da madafa, a kai ta can bangon nesa ta hasko, ƙwarin su tafi can. Na biyu dan Allah a sunkuyar da kanta ƙasa. Akwai wanda ya ɗaura tasa a saman bene kusa da mu, tana kallon tsakar gidanmu kai tsaye, lokacin zafi mata ba su isa su shimfiɗa tabarma su sha iska ba sai da hijabi, sai da aka haɗa da mai unguwa kafin ya juya ta. Haƙƙin maƙwabtaka ne, ka haska gidanka ba na wani ba.

Mai sensa kuma da take kawowa in ta ga motsi, tana adana batir gaskiya, amma in kuna da maguna ko akuya a gidan to ku shirya, kwana za ta yi tana kawowa tana ɗaukewa har ka daina kula ta.

Ɗan_Sabon_Gari ya rubuta:

To ni dai ɗan kasuwa ne, kayan wuta nake sayarwa, kuma na ga tun ɗazu ana ta jifanmu a fakaice, bari in kare kaina kaɗan, hhh.

Oga kafinta tsakaninka da Allah, da ka shigo kasuwa me ka ce? Na san ba ka ce a ba ka mai kyau ba, cewa ka yi a ba ka wat 200 mai sauƙi. Haka kowa yake zuwa. In na ɗauko maka wat 50 ta gaskiya mai nauyi na faɗi kuɗinta, sai ka ce ga can an ce maka wat 200 a rabin wannan kuɗin, ka tafi kana ganin na so cutarka. To mu ma dole mu ajiye kala biyu ko uku, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Kaya daga Chana yawancinsu suke zuwa, mai kyan da mara kyan, abin da ɗan kasuwa ya biya aka yi masa shi ake loda masa. Ko masu suna irin Philips da Osram akwai na gaske akwai na kwaikwayo, sunan kawai ba hujja ba ne, in kuɗin ya yi arahar da hankali ba zai ɗauka ba to ka san amsar.

Shawarata, ka zagaya France Road da cikin kasuwar Sabon Gari, shago uku ko huɗu, kada ka saya a na farko. Ka ce kai mai sana'a ne, ta aiki kake so ba ta ado ba, a nuna maka lamba ɗaya. Ka sa a kunna a bar ta minti goma kana tsaye, ka taɓa bayanta. Mutane suna zaton in bayan ya ɗau zafi matsala ce, a'a, alamar zafin yana fita ne ta inda ya kamata, abin tsoro shi ne gaba ya yi zafi rau bayan kuma yana sanyi. Sannan ka tambayi garanti a rubuta maka a rasit da kwanan wata, a sa hannu a jikin fitilar da maka. Duk wanda ya yarda da kayansa zai ba ka wata shida ko shekara, wanda ya ce maka ba a dawo da kayan wuta to ya gaya maka gaskiyar kayansa kenan.

Kuma kada ka zubar da waɗanda suka mutu. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ce ta ƙone, za ka ga ɗigon baƙi a kanta, tunda a jere aka haɗa su sai duk layin ya ɗauke. Akwai yara masu gyara da suke canja farantin ko direban a kuɗi kaɗan, in dai jikin alminiyon ne ya cancanci gyara. Na roba kam a ba 'yan jari bola.

Dubu tamanin ɗinka ba zan ce maka ga abin da za ta saya ba don farashi yana bin dala, na yau daban na jibi daban. Amma in ba ta isa duka ba, fara da biyu masu kyau a kan injina, wata mai zuwa ka ƙara.

Mai_Wayarin_Kurna ya sake rubutawa:

Baba na gode da ka cire ni a cikin masu cusa wayar at, hhh, Allah ya ƙara girma. Maganar ƙiftawar nan gaskiya ce, na manta ban faɗa ba.

Hajiya ma ta yi daidai a kan ƙofar gida, amma kada oga ya ji daɗin sola ya ce zai sa ta a cikin shago, ba za ta yi ba. Ga dalili. Wat ɗin da ake rubuta wa na sola ya fi na wuta ƙarya nesa ba kusa ba. Abin dubawa shi ne batir. Yawancinsu batirin lithium ne mai bolt 3.2, a ce ka samu mai 20Ah, wato girman cajin da yake ɗauka, ka ninka 3.2 sau 20, 64 kenan, wato wat 64 na awa ɗaya. Raba 64 a awa 12 na dare, wat 5 da ɗan ɗoriya take iya bayarwa in ana so ta kai asuba. To ina wat 300 a nan? Wat 5 na LED ya isa ka ga wanda ya tsaya a ƙofar gida, amma bai isa ka yanka katako a kan layi ba. Don haka in za ka sayi ta sola tambayi girman batir da girman fanel, wadda fanel ɗinta bai fi littafin makaranta ba ba za ta cika batirin kirki a wuni ɗaya ba. Wasu ma tsofaffin batira ake cusa musu, shi ya sa garantin da ɗan Sabon Gari ya faɗa ya fi muhimmanci a nan.

Ga lissafin kati kuma don ka ga inda kuɗinka yake tafiya. Halojin wat 500 in ta kwana awa 12 ta ci yunit 6, a wata 180. LED wat 50 a wannan awannin yunit 0.6, a wata 18. A watan Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, halojin ɗaya naira 40,500 kenan a wata, LED ɗin kuma 4,050. Ko ba a Band A kake ba, ninki goman yana nan. Huɗun da na ce ka sa a shago gaba ɗayansu wat 200 ne, awa biyar yunit ɗaya, kuma ko ƙaramin janareto zai ɗauke su ba tare da ya yi tari ba.

Wajen fenti da banish kuma ka nemi 4000K, wato mai haske tsakanin fara tas ɗin da mai ja-ja, kuma in an rubuta CRI ko Ra, ma'aunin yadda fitila take nuna ainihin kala, ya zama 80 ko sama. In ba haka ba za ka haɗa kala da dare ka ga ta yi, gari ya waye uwar amarya ta zo ta ce ba wannan ta zaɓa ba. Waya mai lambar kauri 1.5 ta isa layin fitilun, amma ta jan ƙarfe zalla. Ta waje ka ɗaga ta mita 3 zuwa 4, yadda hannu ba zai kai ba, don fitilar ma ana sacewa.

Kafinta_Dorayi ya sake rubutawa:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da alheri. Baba Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta tsorata ni don jiya da daddare na gwada da wayata a kan wadda ta rage, layuka ne baƙaƙe suke ta gudu kamar tsohuwar talabijin, kuma ita ce daidai saman zarton. A daren na sa aka kwance ta.

Ɗan Sabon Gari ka kama ni, wallahi wat 200 mai sauƙi na ce, ban musa ba.

Yau da safe na shiga kasuwa da wani ƙanina mai gyaran wuta da mitarsa a aljihu. Shago na farko da ya ga an fito da mita sai ya ce wai ba a gwaji a nan, muka yi gaba. A na uku muka samu wat 50 mai nauyi, an rubuta 85-265V da IP66, muka auna ta ja 0.22, a kyamara kuma shiru ba layi ko ɗaya. Kuɗin bai kai ni huɗu ba, uku na ɗauka, 4000K, an rubuta min wata shida a rasit. Biyu a kan injina, ɗaya wajen fenti. Matattun kuma na bar wa wani mai gyara guda biyu, ya ce ɗaya za ta tashi, ta ruwan ce ya ce sai dai haƙuri, in ɗayar ta tashi ita zan mayar ƙofar shago kafin in tara na sola.

Hajiya saura tambaya ɗaya, taki mai fanel daban ɗin wayar mita nawa ce? Don bangon da rana take duka a gidana yana da ɗan nisa da ƙofar, kuma ɗan Kurna, in wayar ba ta kai ba ana iya ƙara mata ko zai rage cajin?